Gidan abincin 'yan Asiya mai sauƙin kuɗi a Jidda: ina zan kai baƙina?

Abban Walida:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Surukata da ƙannen maiɗakina biyu suna Makka, sun zo Umara, ranar Alhamis za su shigo Jidda su kwana wajenmu kafin jirginsu. Maman Walida ta ce ita ba za ta wuni a kicin ranar da mahaifiyarta ta iso ba, a fita a ci a waje. Mu shida ne har da yarinya. Abin da aljihu zai ɗauka riyal 150 ne, in ta matsa 180. Soyayyar kazar Albaik sun ci a Makka har ta gundure su, shinkafar Larabawa irin su kabsa da mandi kuwa kullum su ake ba su a masauki. Na yi tunanin gidajen abincin Bakistani ko na Indiyawa da ke Aziziyya ko Sharafiyya, sai dai ni safari, wato na tafi-da-gidanka, kawai nake saya in wuce, ban taɓa zama da iyali a ciki ba. Wanda ya san kan wuraren ya taimaka.

Bashir Direba:
Wa alaikumus salam Abban Walida. Ka faɗo hannun masu sana'a, domin mu direbobi a nan muke karyawa, a nan muke cin dare. Aziziyya za ka nufa, wajen Bakistani. Kada ka tsaya a waɗanda ke bakin babban titi masu fitilu kala-kala, kuɗin hayar shagon a cikin farantinka yake. Shiga layin baya, ka duba inda motocin tasi da na masu kai saƙo suka yi cincirindo, nan ne wurin.

Ga yadda zan yi in ni ne. Karai na kaza kilo ɗaya, wajen riyal 55. Shinkafar biryani nafar biyu, wato cin mutum biyu, 16-16. Dal, wato miyar wakensu, faranti biyu, 7-7. Roti, wato gurasarsu, goma, riyal ɗaya-ɗaya. Salad da raita ka sa 6, ruwa da shayi 12. Lissafa ka gani, bai kai 130 ba, kuma wallahi sai kun ƙulle saura a leda. Farashin yana ɗan motsawa daga shago zuwa shago, amma ba zai yi nisa da wannan ba.

Karai ɗin shi ne sarki. Ba dafaffe suke ajiyewa ba, sai ka yi oda ake ɗora shi, don haka za ku jira kamar minti 25. A cikin baƙin kaskon da aka soya shi ake kawo muku, yana tsuwwa, tumatirin ya narke ya kama naman, an yayyanka ɗanyar citta sirara-sirara an watsa a kai da koren barkono. Ba a cin sa da cokali. Ka yago roti mai zafi ka dangwalo. Kuma ka nemi teburin da za ku riƙa hango mai tanderu, yarinyarka za ta sha kallo: yana shimfiɗa ƙullin a kan wani ɗan matashi, ya zura hannu cikin ramin wuta ya manna a bango, bayan ɗan lokaci ya zaro da ƙarafa biyu ya wurgo kan tire.

Hajiya Rabi Shara Mansur:
Bashir, tsakaninka da Allah, suruka fa aka ce. Uwar matarsa. Ita za a kwasa a kai inda leburori ke cin abinci da kayan aiki a jikinsu? Abban Walida, ɗana, kada ka biye wa direbobi. Matar nan za ta koma Kano, kuma duk abin da ta gani shi za ta ba da labari. Ba za a ce karai ya yi daɗi ba, cewa za a yi mijin 'yarta yana Saudiyya amma ya kai ta wurin da ake shimfiɗa leda a kan tebur. Ko dai ka daure ka kai su wuri mai kyan gani a Tahliya, titin masu kuɗi, ko bakin teku, ko matarka ta tuƙa tuwo a gida mutuncinku ya tsira.

Ɗan Katsina a Batha:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, Tahliya da riyal 150? Ai ruwan lemo kawai za su sha su taso. Mutumin da ke biyan riyal 400 kowane wata a kan matarsa, wani 400 a kan 'yarsa, kuɗin murafikin kaɗai, wato na zaman iyalin baƙo, kafin haya da makaranta, shi za a ce ya je ya yi burga? Tun 2020 harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15, albashi kuwa yana nan inda aka bar shi.

Af, ni ma ina da tambaya: da kuke ta cewa abincin 'yan Asiya, Saudiyyar a wace nahiya take? Kabsa ma ai abincin Asiya ne.

Bashir Direba:
Kai dai Bakatsine ba ka rabo da tsokana. Kowa ya gane abin da ake nufi.

Ummu Sudais:
Hajiya Rabi, ina ganin tsohon yayi kike tunawa. Da yawa daga gidajen nan suna da sashen iyali a sama ko a gefe, ɗakuna ƙanana da labule ko ƙofa, ku kaɗai, har mai niƙabi ta ɗage ta ci abincinta hankali kwance. Tun ƙarshen 2019 hukuma ta daina tilasta wa gidajen abinci ware ƙofar iyali daban da ta gwauraye, amma na Bakistani da yawa ba su rushe nasu ba, saboda su ma matansu sun fi son sirri. Daren Juma'a ki je ki ga iyalansu da kakanni da jikoki, an ci ado. Ba leburori kaɗai ba ne.

Abban Walida, abu ɗaya: ka je da kanka kwana ɗaya kafin nan ka hau saman ka gani. Wani sashen iyalin suna ne kawai, ɗaki ne da aka jibge katan-katan na ruwa da buhunan shinkafa, na'urar sanyaya ɗaki tana ɗiga. Ka leƙa wurin wanke hannu da banɗaki. In waɗannan biyun suna da tsabta, sauran da sauƙi.

Hajiya Rabi Shara Mansur:
To ni dai na faɗi nawa. Ledar kan tebur ɗin fa?

Ummu Sudais:
Hajiya, sufura ce fa. Gidan wane Balarabe kika shiga ba a shimfiɗa ta ba?

Abu Ammar Kilo 14:
Ni matsalata ba leda ba ce, ƙazanta ce. Mutanen nan, musamman Bangali, 'yan Bangladesh, ba su san tsabta ba. Na taɓa cin biryani a wani shago da la'asar, daren nan ban runtsa ba, sai da aka yi min ƙarin ruwa. Tun daga ranar na yi sallama da su gaba ɗaya.

Malam Ɗanjuma (mai kula da zaure):
Abu Ammar, Allah ya ƙara lafiya, amma a gyara magana. Shago ɗaya ya cuce ka, ka ce shago ɗaya. Ƙidayar 2022 ta nuna 'yan Bangladesh sun haura miliyan 2 a ƙasar nan, Indiyawa da 'yan Pakistan kowannensu ya haura miliyan 1.8. Duk ka bi su ka duba farcensu? Mu da ake yi wa kuɗin goro, ɗaya ya yi laifi a ce duk takari haka suke, bai kamata a ji irin wannan daga bakinmu ba. A ci gaba da maganar abinci.

Anti Hadiza Nas:
Abu Ammar, da ka ce da la'asar na gano inda matsalar take. Biryani da shinkafar Bukhari ana sauke su ne dab da azahar. In shinkafa ta daɗe a ajiye, ba zafi sosai ba sanyi, akwai ƙwayar cutar da ke hayayyafa a cikinta ta saki guba, kuma ɗumamawa ba ya kashe gubar. Amai ne da gudawa cikin 'yan sa'o'i. Wannan ko a gidanka, ko a otal mai tauraro biyar, ko a wajen biki a Kano, duk ɗaya ne. Shi ya sa shagon da ke cike da mutane ya fi aminci a kan wanda ba kowa: tukunya ba ta daɗewa. A ci shinkafa tsakanin azahar da ƙarfe biyu da rabi, ko bayan isha'i in an sauke ta dare. Tsakanin nan a nemi abin da za a dafa a gabanka.

Kuma kowane mai taɓa abinci dole yana da shahadar lafiya ta baladiyya, wato hukumar gari, lasisin shagon ma a rataye yake a bango. In ka ga abin da bai kwanta maka ba, 940 ake kira.

Abban Walida, Hajiyar tana da hawan jini ko suga? Don abincin Bakistani akwai mai da gishiri, ba wasa.

Abban Walida:
Na gode ƙwarai jama'a, ina ta karantawa. Anti Hadiza, tana da hawan jini, kuma ba ta son yaji mai yawa saboda gyambon ciki. Ƙannen ne dai 'yan mata, su komai sabo suna so.

Anti Hadiza Nas:
To kada ka matsa mata da karai. Ka sa a gasa mata kaza tikka ba yaji, da dal da capati, a ce kada a zuba man da suke soyawa da tafarnuwa a kan dal ɗin. Nihari da halim, girkin nama ne masu nauyi, a bar wa masu ƙarfi. Raita za ta taimaka mata, nono ne da kokwamba. Acar kuma, wannan mangwaron da ake jiƙawa a mai, gishiri ne zalla, a ɗauke shi daga gabanta.

Bashir Direba:
Ƙarin bayani a kan yaji: in ka ce wa sadik, mai kawo abincin, "shuwayya filfil" (yaji kaɗan), kansa kawai zai kaɗa ya ce mafi mushkila (ba matsala), ya kawo maka yadda ya saba. Ka ce "mafi filfil marra" (ba yaji ko kaɗan), ka nuna Hajiya ka ce "mama marid" (mama ba ta da lafiya). Suna girmama tsofaffi, da kansa zai shiga kicin ya faɗa. Amma biryani an riga an dafa, ba yadda za a yi da shi. In ba ta iya ba, a karɓar mata farar shinkafa ko pulao.

Sadiya Sharafiyya:
Duk an tafi Aziziyya an bar mu. Ni a tsakiyar mutanen Kerala ta kudancin Indiya nake zaune, kuma in dai araha ake nema ba wanda ya kama ƙafarsu. Da rana akwai abin da suke kira mils: shinkafa, miya kala uku ko huɗu a ƙananan kwanoni, ganye, fafadam, ɗan kifi, kuma a wurare da yawa in shinkafar ta ƙare a ƙara maka ba ƙarin kuɗi. Shinkafarsu wata jar ƙatuwa ce mai kauri, amma kana iya cewa a ba ka fara. Da dare kuma porota, gurasa mai saɓi-saɓi kamar an naɗe zare, da soyayyen naman sa da gutsattsarin kwakwa a ciki. 'Yan matan nan za su so dosa, faifai guda ne na ƙullin shinkafa da wake da ya kwana ya yi tsami, a soya shi siriri a naɗe da dankali. Wanda ya tashi da waina da sinasir ba zai ji shi baƙo a baki ba.

Gargaɗi ɗaya: miyar kifinsu akwai tsami da yaji, kuma kusan komai da kwakwa ake yi. In Hajiya ba ta saba ba, ƙamshin man kwakwar kaɗai zai iya hana ta ci. Saboda ita, ni ma na ce a je Bakistani. Kerala ku dawo ku biyu da Maman Walida wata rana.

Abu Ammar Kilo 14:
Mutanen Kerala ɗin ne masu dafa ƙaguwa da wannan abin mai hannuwa da yawa ko? Ya halatta ma kuwa?

Malam Nura, ɗalibi a Madina:
Abu Ammar, a mazhabar Malikiyya da muka tashi a kai, dabbobin ruwa halal ne, kifi ne ko ƙaguwa ko jatan lande. Shafi'iyya ma sun halatta mafi yawan dabbobin ruwa, kuma Musulmin Kerala da na Indunusiya galibi Shafi'awa ne. Hanafiyya ne suka taƙaita a kan kifi, su ne kuma mafi yawa a Pakistan da arewacin Indiya, shi ya sa da wuya ka ga ƙaguwa a gidan abincin Bakistani. Ƙyama daban, haramci daban. In ranka bai so ba ka bari, amma kada ka haramta wa wani.

In kuma akwai mai shakka a kan gidajen 'yan Filifin da na Sin, naman alade da giya ba a sayar da su a gidajen abincin ƙasar nan, doka ta hana. Ba sai an shiga waswasi ba.

Ɗan Katsina a Batha:
Malam, ban ƙi ta taka ba, amma har da zama bakin teku. Kerala a gaɓar teku take, mutumin Lahor ko Fishawar kuwa ina ya ga ƙaguwa balle ya tambayi hukuncinta? Ko mu Malikawan, a Katsina wa ya taɓa kai ta kasuwa?

Malam Nura, ɗalibi a Madina:
Wannan ma gaskiya ne, duka biyun sun haɗu.

Baba Alhaji Jarwal:
Yara, ina jin ku tun ɗazu, jikata ke karanta min. Ni a Makka aka haife ni, kuma abincin da kuke kira baƙo, mu da shi muka buɗe ido. Bukhariyawa sun cika Makka da Madina da Ɗa'if bayan da 'yan gurguzu suka ci ƙasarsu, masarautar Bukhara ta faɗi a 1920. Su suka zo da shinkafar nan mai karas, da mantu, da yagmush, da gurasar tamis da ake ci da ful, wato dafaffen wake, kowace safiya. Yau wa zai ce wa ɗan Makka tamis ba nasa ba ne? Jawa kuma, wato mutanen Indunusiya, sun riga su daɗewa, da unguwanninsu da malamansu a Harami. Mu ma mun kawo namu: tsiren da 'yan ƙasa ke layi a kansa da daddare, kakanninmu ne suka zo da shi.

Rabi, ke da kike Shara Mansur, ina ce kin san mutunci ba a kujera yake ba. Ni surukina in ya zaunar da ni ya zuba min da hannunsa, ya tambaye ni ko yaji ya yi yawa, ya gama min komai.

Abban Walida, in ka ga za a yi gardama, ga mafita: shinkafar Bukhari da kaza faham, gasasshiya a gawayi, ba ta da yaji, daggus ɗin, wato miyar yajin, a gefe yake zuwa, wanda ya so ya zuba. Ka karɓo wa tsohuwa rabin kaza a hanya. Masu shagon Bakistani ba sa hana mutum shigo da abincin mara lafiya in an yi musu bayani da ladabi.

Hajiya Rabi Shara Mansur:
Baba, Allah ya ja kwana, ba na ja da ku. Amma ku maza ne, ba ku san abin da mata ke faɗa in sun koma gida ba. Abban Walida, in ka nace, to aƙalla ka biya da su bakin teku bayan an ci, su ga ruwan nan mai tashi sama na Sarki Fahad, su ɗauki hoto. Hoton shi za a nuna a Kano.

Abban Walida:
Hajiya, wannan shawara ta shiga. Gobe bayan aiki zan je in duba saman kamar yadda Ummu Sudais ta ce. Baba, na gode, Allah ya ƙara lafiya.

Maman Iman Rusaifa:
Tunda Baba ya ambaci Jawa, ni nasu ne ya kama ni. Maƙwabciyata ce ta fara kai ni. Sate ɗinsu nama ne a tsinke da miyar gyaɗa mai zaƙi-zaƙi, bakso kuma ƙwallayen nama ne a romo da taliya. Rendang naman sa ne da aka dafa da madarar kwakwa har ruwan ya ƙone ya yi baƙi. Abin da ya kan dami mutanenmu shi ne zaƙi a cikin abincin gishiri, don suna da wani baƙin miya na waken soya mai sukari da suke zubawa a kusan komai. Kuma Indomie da yaranmu suka ɗauka ta Najeriya ce, asalinta tasu ce. Da aikin Hajji kuwa ba a samun wurin zama a shagunansu, alhazansu sun haura dubu 200, sun fi na kowace ƙasa.

Ɗan Katsina a Batha:
Abin da ke ci min rai ke nan. Kowa da shagonsa da allo da lasisi: Bangali, Hindi, Jawa, Yamani, Sudani, Habashi. Mu da muka fi ƙarni muna ƙasar nan, in kana son tuwo da miyar kuka sai ka san wata Hajiya da ke tuƙawa a gida, a yi waya a ɓoye kamar ana cinikin haram. Me ya hana mu?

Bashir Direba:
Yawa ne, ɗan'uwa. Shagon da ke sayar da roti riyal ɗaya ba a kan roti ɗaya yake cin riba ba, ɗaruruwa yake sayarwa kafin azahar. Akwai ma'aikatan da ke biyan kuɗin wata gaba ɗaya su riƙa ci safe da rana da dare. Ma'aikatan shagon kuma a ɗaki ɗaya suke kwana a sama, daga asuba har tsakar dare suna tsaye. Arahar da muke jin daɗi, guminsu ne. Shi ya sa in na ci nakan bar wa yaron da ya ɗauke kwano riyal biyu ko uku, ba dole ba ne a nan, amma ka ga yadda fuskarsa ke sakewa.

Malam Ɗanjuma (mai kula da zaure):
Ban da yawa akwai takarda. Baƙo ba ya buɗe shago haka kawai, sai da izinin zuba jari, kuɗinsa kuma ba na mai tuwo ba ne. Abin da aka saba yi a da shi ne a rubuta shagon da sunan ɗan ƙasa, baƙo ya juya kuɗin yana ba shi wani abu duk wata. Wannan shi ne tasattur, kuma dokar da aka sabunta a 2020 ta kai hukuncinsa ɗaurin shekara 5 da tarar riyal miliyan 5. Ga kuɗin da mai shago ke biya a kan kowane ma'aikaci baƙo, 700 zuwa 800 a wata. Sannan da yawa daga matanmu da suka iya girkin, iƙamarsu, wato takardar zama, ba ta ba su damar wannan aikin ba, wasu ma ba su da ita. Rusau ɗin da aka fara a ƙarshen 2021 kuma ya watsa Sabil da Karantina da Gulail, inda masu sayen suke a dunƙule. Yanzu wani yana Kilo 14, wani Harazat, wani ya koma Bahra.

Hajiya Rabi Shara Mansur:
Amma akwai 'ya'yanmu da suke 'yan ƙasa, da katinsu da komai. Su ba abin da ya hana su. Ɗan ƙanwata na yi masa maganar har na gaji, na ce ni zan tsaya a kan tukunya, shi ya yi takardu. Ya ce wai shagon kofi yake so ya buɗe.

Ɗan Katsina a Batha:
Hajiya ki turo min lambarsa ta gefe. In ya yarda da tuwo, ni zan kawo kuka da daddawa daga gida duk zuwa hutu, kuma Batha kaɗai na san mutum ashirin da za su biya kuɗin wata tun kafin a ɗora tukunya.

Sadiya Sharafiyya:
Batha tana Riyad, shagon yana Jidda. Wa zai kai musu?

Bashir Direba:
Ina da tafiya Riyad duk Talata. A zuba a kula mai kyau, a biya kuɗin mai.